Jan Zare a Fayil na Bakwai

Ranar Litinin da safe, tun kafin mai ƙosai ta sauke kasko na biyu, labari ya zaga Fagge cewa an fasa ofishin gidaje. Ofishin ba wani abin a zo a gani ba ne, ɗaki biyu ne da baranda da rufin kwano, sai taga ɗaya a gaba inda mutanen da suka bar gidajensu a Sabon Gari lokacin yaƙi ke yin layi suna neman a mayar musu. Tagar baya aka samu a buɗe, sakatarta a karye. Kanta ɗaya ta kife, fayiloli sun watse a ƙasa kamar an zazzage buhun ganye. Tafiretar ofis kuma babu ita.

Kafin hantsi kowa ya riga ya san ɓarawon, sai dai ba a haɗu a kan suna ɗaya ba. Hajo mai fura ta ce maigadi ne, tunda jiya ya tafi sallar la'asar ya zarce jana'iza, bai dawo ba sai magariba. Masu layi suka ce aikin waɗanda ke zaune a gidajen mutane ne. Waɗanda ke zaune a gidajen kuwa suka aiko da cewa a bincika masu layin.

Alhaji Abdulmuminu, sakataren kwamitin gidajen, yana tsaye a baranda yana jin su, har kofur ɗin 'yan sanda ya dawo da labarin an ga tafiretar a shagon Cyprian mai gyaran tafireta a unguwar Bata, an kuma riga an tisa ƙeyarsa caji ofis. Jama'a suka yi ajiyar zuciya suka fara watsewa. Hankalin Alhaji bai kwanta ba, don ya san Cyprian. Ya aika Rijiyar Lemo a kira masa Malam Salmanu.

Malam Salmanu mai bin sawu ne. Shekara talatin ya yi yana bin ɓarayin shanu da masu haƙa katanga tare da 'yan doka, har ana cewa daga takun mutum yakan gane ko ya karya kumallo. Amma tun da arzikin mai ya buɗe, kullum sai motar kwalta ta haɗiye wani lungu, kowa kuma ya sayi takalmin roba iri ɗaya daga kanti. Rabon da a kira shi aiki damina biyu ke nan. Ya zo a ƙafa, da sandarsa da tsohuwar rigarsa mai wankin shuni.

An yi ruwa ranar Lahadi, ya ɗauke da azahar, saboda haka ƙasar bayan ofis da sauran taushi. Malam Salmanu ya ce kowa ya ja baya. Ya tsuguna a gindin tagar ya daɗe, har kofur ya fara duba agogo.

"Mutum ɗaya ne," in ji shi. "Ba takalmi."

"To ai an gama," kofur ya ce. "Sai mu kamo duk marar takalmi a Kano."

"Yana da takalmi, a hannu ya riƙe. Dubi yatsun a matse, ƙafar da ta saba da takalmi ce. Ga inda ya taka zai shiga, ga inda ya diro. Ga tafiyarsa ta zuwa, ga ta komawa, zurfinsu ɗaya. Wanda ya rungumo tafireta dole dunduniyarsa ta nutse. Wannan yadda ya zo haka ya koma, ko allura bai ƙaru da ita ba."

Kofur ya gyara hularsa. "Baba, alƙalin yanzu takarda yake karantawa, ba ƙasa ba. Abu ya ɓata, an same shi a hannun mutum. Jibi Laraba da safe yana gaban kotu."

Malam Salmanu ya ɗauki sandarsa. Ya bi sawun ta bayan gidan wani kafinta, har inda mai shi ya tsaya da ƙafa ɗaya, sannan da ɗayar, wato ya sa takalminsa. Taku uku gaba kwalta ta fara. Ya tsaya a bakinta yana kallon motocin siminti suna wucewa. Akwai abin da ya gani bai faɗa ba: takun gajere ne, irin na wadda zani ya ɗaure wa ƙafa.

Da ya dawo gaban ofis, masu layi sun ragu, saura mace ɗaya a kan benci a gindin darbejiya. Za ta yi hamsin da 'yan kai, da baƙin ɗankwali, da lema a kan cinyarta.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce. Hausarta fes, ta wadda aka kawo Kano a goye. "An ce fayiloli sun zube. Don Allah ka ji ko akwai wanda ya lalace?"

"Ban ji ba. Naki yana ciki?"

"Shekara huɗu yana ciki."

Sunanta Bridget. Ba ta ja labarin ba, da alama ta faɗe shi har ya suɗe. Mijinta Nwabueze ya gina gida mai ɗaki shida a Sabon Gari, suka gudu suka bar shi, shi bai dawo daga yaƙin ba. Ita da ta dawo sai ta tarar da Augustine, wanda mijin ya koya wa ciniki, ya shige gidan yana cewa an sayar masa. Takardunta na asali duk suna cikin fayil. Da safe tana nan gaban taga, da rana tana kitso a kasuwar Sabon Gari, da dare tana kwana a ɗakin ajiya na coci.

"Alhamis ne zaman kwamiti na ƙarshe," ta ce. "Duk gidan da ba a buɗe fayil ɗinsa ba ya zama na wanda ke ciki. Ni ba alfarma nake nema ba, a buɗe kawai a karanta."

Ya dubi ƙafarta, don haka ya saba da kowa. Tana cikin takalmin kambas, ƙarama ce. Amma rabin matan da ya gani a layin nan da safe haka ƙafarsu take. Ya yi mata fatan alheri ya wuce.

A caji ofis aka bar shi ya ga Cyprian ta tsakanin ƙarafa. Ƙaton mutum ne, leɓensa a kumbure, yana tari yana dafe haƙarƙari.

"Baba, ranar Asabar na ɗauke ta, da rana tsaka, a bayan keke. Haruffa uku ne suka maƙale. Ambrose akawu shi ya ce in tafi da ita in dawo da ita Litinin da sassafe kafin Alhaji ya iso, don an hana fitar da kayan ofis ba takarda. Ina ɗaure ta a keke ke nan yau kofur ya iso."

"Ambrose ya faɗa wa kofur haka?"

"Ya ce rabonsa da ni tun watan jiya." Cyprian ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya miƙo ƙafarsa ta ƙasan ƙarfe. "An ce kai ƙafa kake dubawa. To duba. Matata cewa take in ruwa ya ci gari, a cikin takalmina za mu tsere. Ta wannan tagar ko kaina ba zai wuce ba."

Malam Salmanu ya duba. Ta ninka wadda ke bayan ofis.

"Matata Chinyere ta haihu kwana tara ke nan," Cyprian ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Sun ce fasa ofishin gwamnati shekara uku ne, in an yi sa'a."

Daga nan ya nufi Sabon Gari wajen Augustine, yana tunanin mai son fayil ya ɓace zai iya aiko mace. Ya same shi a ƙofar shagonsa na kayan mota, sabuwar fijo a gefe, yana cin gyaɗa. Matarsa na ciki tana jera kaya. Malam Salmanu ya dubi ƙafarta, faffaɗa ce, mai lanƙwasasshen babban yatsa. Ba ita ba ce.

Augustine ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cikinsa. "Baba, ka girme ni, amma bari in koya maka lissafi. Fayil ɗin Madam yana can ƙasan kanta yana barci. In ya ci gaba da barci zuwa Alhamis, gida nawa ne. To me zai kai ni in tashe shi? Mai son a manta da abu ba ya zuwa ya kaɗa ganga a kansa. Ni ko kusa da ofishin nan ba na bi, kada inuwata ta tuna musu."

"Da gaske an sayar maka da gidan?"

"Wannan tambayar kwamiti ce, kuma kwamiti bai yi ta ba."

Malam Salmanu ya koma gida da ƙafa, maganar tana cin sa. Mutumin banza ne, amma gaskiya ya faɗa. Wadda ta shiga ba ta ɗauki komai ba, ba ta kuma zo ɓatar da komai ba. To me ya kai ta?

Washegari Talata ya riga kowa zuwa ofis, sai Tanimu masinja da ya tarar yana karkaɗe tebur. Ya zauna a dakali ya ce shi kallo kawai zai yi, a nuna masa yadda ake aiki.

"Aikin ba wuya, Malam," in ji Tanimu. "Ni ban san boko ba. Fayil ya fi dubu a nan. Ranar Asabar Ambrose yakan duba littafinsa, duk wanda lokacinsa ya yi sai ya ɗaura masa jan zare a igiyar bango. Ni kuma in bi kanta, inda na ga ja in zaro, in ɗora a teburin Alhaji."

"In mutum ya ɗauki nasa ya ɗora a saman tebur da hannunsa fa?"

"Sai in mayar da shi inda ya fito. An sha gwadawa. Ba ja, ba tebur. Alhaji kuwa abin da ke gabansa kawai yake gani, ko uwarsa ce a ƙasan kanta ba zai sani ba. Zare ne ke kira, ni amsawa kawai nake."

"Guda nawa ne na Alhamis?"

Tanimu ya sosa ƙeya. "Ranar Asabar ya ce mini shida. Amma jiya da na tattara waɗanda suka zube, bakwai na samu. Na ce ko ya ƙara ne."

Malam Salmanu ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya kai bakin taga wajen haske. Shida ɗaurinsu ɗaya, ƙulli biyu na gaggawa, bakin zaren yana reto. Na bakwai daban yake. Zaren na ofis ne, amma an naɗe shi a jikin igiyar tun daga tushe, zagaye kan zagaye, a matse, babu wanda ya hau kan wani, har tsawon ɗan yatsa. A ƙarshe an lanƙwasa bakin an cusa shi ciki ya ɓace. Wadda ta yi shi a tsorace take, kanta ta kife mata, tana jin motsin kowa a titi, amma hannunta ya ƙi yin aikin banza.

Shi ma bai san boko ba. Ya nuna wa Tanimu bangon. "Na wane ne?"

"Mai tabon manja a gefe? Na Madam Bridget ne. Shekara huɗu ina share masa ƙura." Sai Tanimu ya dubi zaren, ya dubi Malam Salmanu. "Ni dai ja na gani," ya ce a hankali, ya mayar da fayil ɗin saman sauran.

Malam Salmanu ya sami Bridget da azahar a rumfar masu kitso a kasuwa, wata mata zaune a tsakanin ƙafafunta. Ta ware gashi da kibiya, ta kama tushen, baƙin zare yana zagayawa a yatsunta har ido ba ya iya bi. Da ta kai ƙarshe ta lanƙwasa bakin ta cusa. Ya tsaya yana kallo har ta yi uku. Ta ɗago ta gan shi, ta ga inda idonsa yake. Ta ce wa matar ta je ta sha iska ta dawo.

"Zauna, Baba."

Ya zauna a kan turmin da aka kife.

"Shekara huɗu ina kallon Tanimu ta taga," ta ce. "Na san zare ne. Na roƙi Ambrose har na durƙusa masa, ya ce layi ne. Waɗanda suka zo bayana da shekara biyu an kira su, su sun san hanyar gidansa. Ranar Lahadi na fito daga coci, ruwa ya ɗauke, na ga ba maigadi. Da kibiyar nan na ɗaga sakatar, sai ta karye. Na taka kanta in sauko, sai ta biyo ni. Ban ɗauki komai ba."

"Na sani."

"Ban taɓa takarda ɗaya a ciki ba. Zare kawai na ɗaura, irin wanda ya kamata a ɗaura tun tuni."

"Na sani, Madam. Tafireta fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba ta nan ranar Lahadi. Ranar Asabar ina kan benci Ambrose ya taya Cyprian ɗaure ta a keke."

"Jiya kina kan bencin nan aka ce an kama shi."

"Ina kai." Ta naɗe zaren a yatsa har kan yatsan ya yi fari. "In na ce na ga an ɗauke ta Asabar, sai a ce to wa ya fasa taga. Baba, ka ba ni zuwa Alhamis. Suna buɗewa za su ga gaskiya. In an gama, da ƙafata zan je caji ofis."

"Gobe da safe za a kai shi kotu."

"Kwana ɗaya ne tsakani. Namiji ne, zai jure kwana ɗaya." Ta ji abin da bakinta ya faɗa, sai ta rufe shi da bayan hannu.

"In alƙali ya rubuta, ba ya gogewa don wata ta zo daga baya," in ji Malam Salmanu. "Zan je in roƙi kofur."

Ya je. Ya cire hularsa a gaban yaron da bai kai ɗansa ba, ya ce a ɗaga zuwa Juma'a, akwai sawun da bai gama bi ba. Kofur ya ce an riga an buga suna a takardar kotu, shi kuma ba zai tsaya gaban sufeto ya ce wani tsoho yana hira da ƙasa ba. In da magana, a kawo ta yau, a kan abin da za a iya riƙewa a hannu.

Bayan la'asar aka taru a ofishin Alhaji Abdulmuminu. Kofur ya kawo Cyprian da ankwa. Ambrose yana tsaye da farar riga da biro uku a aljihu, Tanimu a bakin ƙofa. Augustine ma ya zo ba a gayyace shi ba, ya ce zafin kasuwa ne ya koro shi. Ba a kira Bridget ba, amma Malam Salmanu ya hango baƙin ɗankwali a tagar gaba.

Ya fara da abin da ba zai cuci kowa ba. Ya sake bayanin sawu, kofur ya yi hamma. Ya juya ga Ambrose ya roƙe shi don Allahn da yake bauta wa ya faɗi gaskiyar tafireta, laifin ƙarami ne, faɗa kawai za a yi masa.

"Ranka ya daɗe," Ambrose ya ce wa Alhaji, bai ko dubi tsohon ba, "shekara goma sha ɗaya ina aiki ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba. Na kulle tafireta a nan ranar Asabar."

Cyprian ya rufe ido.

Malam Salmanu ya daɗe yana kallon tabarmar ƙasa. Sannan ya ce a ba shi zaren ofis. Ya yanka biyu, ya ba Ambrose ɗaya ya ce ya ɗaura a igiyar wani fayil. Ambrose ya yi ƙulli biyu ya saki. Ya ba Cyprian ɗaya, shi kuma da hannuwansa a haɗe ya murɗa bakin biyu kamar wayar lantarki.

"Guda nawa ka ɗaura wa na Alhamis?" ya tambayi Ambrose.

"Shida. Ga littafi."

"Ranka ya daɗe, ƙirga na gabanka."

Alhaji ya ƙirga. Bakwai.

Malam Salmanu ya ɗauki na sama, ya ɗora tafin hannunsa a kan inda yake zaton sunan yake, ya miƙa igiyar kusa da idon Alhaji. "Wannan ba ɗaurin akawu ba ne, ba kuma na bakanike ba ne. Wanda ya shiga ba ɗauka ya zo yi ba, ƙari ya zo yi. Shi ya sa sawunsa bai yi nauyi ba. Cyprian ba shi da fayil a nan, ba shi da dalilin ɗaura wa kowa zare. Abin da na gani ke nan. Ina roƙon a tsaya a nan."

"Tafireta fa?" in ji kofur. "Ta tashi sama ta sauka a Bata?"

Alhaji ya cire tabarau ya goge. "Malam Salmanu, ɗaga hannunka."

Bai ɗaga ba. Ya ƙara danne bangon.

"Ɗaga, Baba," aka ce daga taga. "Nawa ne."

Ta zagayo ta shigo, ta ajiye lemarta a gefen ƙofa, ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Ta faɗi yadda ta shiga, da sakatar, da kantar. Ta ce ranar Lahadi teburin tafireta wayam yake, kuma ranar Asabar da idonta ta ga Ambrose yana riƙe wa Cyprian keke. Tanimu ya yi gyaran murya ya ce shi ma yanzu ya tuna, shi ya kawo igiyar da aka ɗaure ta da ita. Ambrose ya buɗe baki, ya dubi Alhaji, ya zauna a kan akwatin takardu ba a ba shi izini ba. Kofur ya laluba aljihu ya fito da mabuɗin ankwa.

Alhaji ya ce ba za a kai ta kotu ba, shi zai ɗauki nauyin sakatar. Maganar Ambrose kuma ta ofis ce, za a yi ta daga baya. Sannan ya jawo fayil ɗin gabansa.

"Amma doka ta ce duk fayil ɗin da hannun waje ya taɓa sai a jingine shi, a aika sama a tantance ba a ƙara ko rage takarda ba. Wannan ba ya ƙasa da wata uku."

"Kwamiti jibi zai tashi," ta ce.

"Na sani."

"Ranka ya daɗe, yana gabanka. Shekara huɗu bai taɓa kusantar hannunka haka ba. Ka buɗe shafin farko kawai."

"In na buɗe naki, gobe duk tagogin ofishin nan a karye za a same su." Hannunsa yana kan bangon. Malam Salmanu ya ga babban yatsansa ya shiga ƙarƙashin gefen, ya ɗan ɗaga, ya tsaya. Sannan ya janye shi, ya ɗauki reza ya yanke zaren, ya miƙa wa Tanimu fayil ɗin. Augustine ya tashi a hankali ya fita, ko sallama bai yi ba.

Cyprian yana murza wuyan hannunsa ya matso kusa da ita. "Mama," ya ce.

"Ka yafe mini shirun da na yi jiya," ta ce. "Je ka ga ɗanka."

Ta ɗauki lemarta ta fita. Alhaji ya fara yi wa Malam Salmanu godiya, yana cewa ashe tsohon hannu bai mutu ba, za a riƙa nemansa. Bai tsaya ya ji ƙarshen ba. Ya bi bayanta daga nesa, don bai yarda da yadda take tafiya ba. Ba ta nufi coci ba, ba ta nufi kasuwa ba. Ta tsallaka titi ba ta duba mota ba, ta shiga layukan Sabon Gari, ta sha kwana sau biyu, ta tsaya a ƙofar wani gida mai shuɗin fenti. Shi kuma ya raɓe a jikin falwaya, ya gane gidan da Nwabueze ya gina ne.

Ta daɗe a tsaye. Ana daka a ciki, rediyo na kiɗa, wani yana kiran a kawo masa ruwan wanka. Ta miƙa hannu ta shafa siminti a gefen ƙofar, daidai kafaɗarta. Can wata matashiyar mata mai goyo, cikin 'yan haya, ta fito da kwanon ruwan wanke-wanke za ta zubar. Ta ga baƙuwa a ƙofa, sai ta dakata, ta rusuna da ladabi.

"Sannu, Mama. Wa kike nema?"

Bridget ta leƙa ta saman kafaɗarta, ta kalli tsakar gidan har ƙuryarsa.

"Ba kowa, 'yata," ta ce. "Ɓatan kai na yi."

Ta matsa gefe ta ba ta hanya ta zubar da ruwan.